Amfilifaya tana zafi tana ɗaukewa: laifin wufa ne ko na wayarin?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Na san filin nan na waya da kwamfuta ne, amma a taimaka. Na sayi wufa (babbar sifika mai fitar da kakkaurar murya) mai inci 12 da amfilifaya (na'urar ƙara ƙarfin sauti) a Sabon Gari, mai wayarin ya haɗa mini a Golf. Da na ƙara murya sai ta yi zafi ta ɗauke. Daga wani direba a Samaru.

Amsa: Malam direba, lantarki duk ɗaya ne, bismillah. Kafin zancen zafi, buɗe bonet ka duba jar wayar da ta tashi daga batir zuwa but. Akwai fiyus a jikinta kusa da batir, cikin tazarar da ba ta wuce santimita 45 ba? In babu, kada ka sake kunna kiɗan sai an sa. Fiyus ɗin da ke jikin amfilifaya ita kaɗai yake karewa, ban da wayar. Idan wayar nan ta goge ta taɓa bodi, ba abin da zai tsayar da wutar batir, mota kuwa ta kama ke nan. Inda ta ratsa ƙarfe a sa mata zoben roba. Duk wanda zai taɓa aikin ya fara cire kan nagetif na batir.

Zafin kuma, na fi zargin yadda aka haɗa wufar. Da yawansu koyil biyu gare su, wato naɗin waya biyu a ciki. Idan kowanne om 4 ne (om shi ne ma'aunin yadda abu ke tare wuta, in ya ragu wutar da ake ja ta ƙaru), aka haɗa fozitif da fozitif, nagetif da nagetif, ya koma om 2. Idan aka jera su, wutar ta fita daga ɗaya ta shiga ɗayan, ya zama om 8. To amfilifaya mai layi biyu da aka gama layukanta su tura wufa ɗaya, galibi om 4 ne mafi ƙarancin da take iya ɗauka. Ka ba ta 2, za ta ja wutar da ta fi ƙarfinta, ta kashe kanta don kada ta ƙone. Karanta abin da aka rubuta a jikin wufar da amfilifayar, kuma lambar RMS za ka bi, wato wat ɗin da kowanne ke iya ɗauka ko bayarwa a kai a kai. Dubban wat ɗin da ke kan kwali talla ce.

Sai kaurin waya. Amfilifaya mai wat 500 na gaske tana iya jan wuta amfiya 40 zuwa 50, don haka waya mai geji 4 (lambar kaurin waya) nake ba da shawara, ta jan ƙarfe zalla. Akwai mai araha wadda alminiyom ce aka yi wa rufi, ka kankare bakinta za ka ga fari. Wayar bodi, wato ta nagetif da ake ɗaurawa a ƙarfen mota, ta zama gajera, kaurinsu ɗaya da jar, a kankare fenti kafin a ɗaure ta.

Makunnin da aka rubuta wa gain ba na ƙara murya ba ne, kada a murɗa shi har ƙarshe. Kuma a zafin Afrilu na Zariya, kada ka jibga wa amfilifaya buhu ko darduma a but, tana bukatar iska.