Agbada da babbar riga, abu ɗaya ne?

Malam, ka tambaya ko agbadar da ka ga Yarabawa sun sa a wani biki a Ibadan ita ce babbar rigarmu. Dangin juna ne, amma kowace da halinta.

Cikakkiyar shiga guda huɗu ce: agbada mai faɗin hannu da ake naɗewa a kafaɗa, buba daga ciki, wandon da suke kira shokoto, sai hula, wato fila.

Ni dai abin da ya fi burge ni shi ne yadin. Ta manyan bukukuwa da ashoke ake ɗinka ta, saƙar hannu ce siri-siri da ake harhaɗawa kamar saƙinmu, kuma garin Iseyin a jihar Oyo ya yi suna a wannan sana'a. Iri uku ne dattawansu suka fi girmamawa. Etu rinin baba ne mai duhu da zane-zane irin na gashin zabo, sunan ma zabo yake nufi. Sanyan kuwa ruwan ƙasa ne, da zaren tsamiya ake saƙa shi, irin wanda magabatanmu suka yi aikin riga da shi. Alari ja ne, asalinsa alharinin da fatake suka riƙa kawowa ta Sahara.

Hularsu mai leɓatu biyu, abeti aja, wato kunnen kare, za ta tuna maka haɓar kada.

In za ka saya, ka ɗaga ta tukuna. Ashoke tana da nauyi, a lokacin zafi gara ta shadda.