Yayanmu ya hana a raba gidan gado: ina mafita?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Mahaifinmu ya rasu ya bar mana gida a unguwar Bagalam da ke Maradi, mu huɗu ne, maza biyu mata biyu, mahaifiyarmu kuma ta riga shi rasuwa. Babban yayanmu yana karɓar kuɗin hayar shaguna biyu na ƙofar gidan, kuma duk lokacin da na ɗauko maganar rabo sai ya ce gidan uba ba a tsaga shi. Ina da hanyar karɓar rabona?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa, Allah ya jiƙan magabata. Kina da hanya, domin aya ta 815 ta dokar farar hula da Nijar ta gada daga Faransa ta hana a tilasta wa mutum zama cikin tarayyar dukiya, malaman Malikiyya ma sun ba abokin tarayya damar neman rabo. Idan babu wani magaji bayanku, gidan kashi shida ne bayan an fitar da bashi da wasiyya: kowane namiji kashi biyu, kowace mace ɗaya. Kuɗin hayar shagunan ma haka ya kamata a riƙa raba shi.

Ki fara neman takardar gidan ki ga sunan da ke kanta, sannan a kira taron dangi a rubuta abin da aka cim ma, kowa ya sa hannu. Idan yaya ya ƙi, ki kai maganar gaban mai unguwa, daga nan zuwa fadar Sarkin Katsinar Maradi, inda ikonsu na sulhu ne, kuma ki tabbatar an ba ki takardar da ke nuna an sasanta ko an kasa, domin da ita za ki tsaya gaban alƙali. A shari'ar gado alƙali yana zama da mataimaka masana al'ada.

Abin da na fi so ki gane shi ne, rabo ba dole ne ya zama jan katanga a tsakar gida ba. Gida mai zaure ɗaya da makewayi ɗaya, idan aka yanka shi shida, kowa ya yi asara. Sai masani ya ƙiyasta kuɗinsa, mai son riƙe gidan ya biya sauran rabonsu, idan kuma babu mai hali a sayar a raba kuɗin. Kada ki sayar wa bare kasonki a ɓoye, domin 'yan'uwanki suna da haƙƙin shufa'a, wato su biya mai sayen kuɗinsa su karɓe kason.