Sun ce tambayoyi ne kawai, ba sai an je kwamitin ɗa'a ba

Tambaya: Assalamu alaikum Dakta. Na gama karatun kiwon lafiyar al'umma, yanzu na samu aikin sati uku da wasu masu bincike, za mu je wani sansanin 'yan gudun hijira a Borno mu riƙa yi wa matan da suka kuɓuto daga hannun Boko Haram tambayoyi kan abin da aka yi musu a daji. Da na tambayi ogan namu takardar kwamitin ɗa'ar bincike, wato kwamitin da ke duba ko bincike zai cutar da mutane kafin a fara shi, sai ya ce SEMA, hukumar ba da agajin gaggawa ta jiha, ta ba su izini, sojoji ma sun sani, jami'arsu ta waje ta sa hannu, kuma ai ba allura za mu yi wa kowa ba. Ni dai hankalina bai kwanta ba, ga shi ina buƙatar kuɗin. In je ko in haƙura?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata. Rashin kwanciyar hankalin nan naki yana kan hanya. Takardar SEMA da sanin sojoji izinin shiga ƙofa ne, babu wanda a cikinsu ya zauna ya karanta tambayoyinku ya auna cutarwar da za su iya jawowa. Sa hannun jami'ar waje shi kaɗai ma bai isa ba, don Sanarwar Helsinki, ƙa'idojin binciken lafiya kan mutane na ƙungiyar likitoci ta duniya, da aka sabunta a 2024 ta ce binciken haɗin gwiwa sai kwamitin ɗa'a ya amince da shi a ƙasar masu kuɗin da kuma ƙasar da za a yi shi. Mu nan muna da NHREC, hukumar ɗa'ar binciken lafiya ta ƙasa, a Abuja da ƙa'idojinta tun 2007, Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ƙara mata ƙarfi, kuma Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri yana da nasa kwamitin. To me ya hana su zuwa?

Amma abin da ya fi ɓata min rai shi ne wannan magana ta "ai tambaya ce kawai". Wallahi na gaji da jinta, kuma ba daga bakin jahilai ba, daga bakin masu digiri uku nake jinta. Mutanenmu da an ce cutarwa a bincike sai su tuna Kano 1996, lokacin da kamfanin magunguna na Pfizer ya sa yara kusan 200 a gwajin maganin Trovan, aka ba kusan rabinsu shi, a annobar sanƙarau, yara 11 suka rasu, daga baya aka ba da rahoton cewa takardar amincewar ma an rubuta ta ne bayan an gama gwajin aka mayar da kwanan wata baya, har aka ƙare da sulhun dala miliyan 75 a 2009. Daga nan sai kowa ya ɗauka in dai babu sirinji babu ƙwaya to lafiya lau. Ba haka ba ne. A wurin da ake yaƙi amsar da mace ta ba ki za ta iya sa a kama ta ko a kore ta daga cikin mutane.

Ki zana abin a ranki. Kin zauna da ita a tanti, tsakaninku da maƙwabta leda ce kawai, yara sun yi cirko-cirko a bakin ƙofa, ga ɗan kato da gora da aka haɗa ku da shi wai don tsaro yana tsaye taku uku daga inda kuke. Kin tambaye ta wa ya aure ta a daji, ɗan da ke bayanta na wa ne. Ke kin tafi da la'asar, ita a nan za ta kwana, gobe kuma a bakin famfo za a fara nuna ta, dama can akwai masu kiran irinsu "annoba". Sannan ina amsoshin suke? A tabulet ɗinki, da sunanta, da lambar tantinta, wani lokaci har da alamar taswira da manhajar take ɗauka da kanta ba ki ma lura ba. In aka tsayar da motarku a shingen bincike aka ce buɗe, me za ki ce? Kwamitin kirki irin tambayoyin da zai yi wa ogan naki ke nan, shi ya sa ake gudunsa.

Ga kuma batun yarda. Na taɓa raka wata tawaga duba aiki, aka karanta wa wata dattijuwa takardar yarda da Hausa, ta dangwala yatsa, ta amsa tambayoyi na kusan awa guda, da muka tashi sai ta riƙo hannun mai tambayar ta ce da Kanuri yaushe katin abincin zai fito. Ita duk zatonta rajistar tallafi ce. Hausar ma tsinta-tsinta take ji. Wanda tuwonsa yake hannun masu riga mai tambari ba ya iya cewa a'a ga duk wanda ya zo da riga mai tambari, balle in bulama ne ya tara su ya ce ku ba baƙi haɗin kai. A rahoto kuwa za a rubuta kowa ya yarda da ransa.

Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2007 ta fitar da shawarwari kan binciken cin zarafin mata a wuraren rikici, kuma a ciki akwai cewa dole a samu kulawa da tallafi a wurin kafin a fara tattara bayani. Wato in ta ɓarke da kuka a tsakiyar hira, ko ta ce miki har yanzu tana zubar da jini, ko ta ce ta gaji da rayuwa, ki san ƙofar da za ki kai ta a ranar. In babu, ba a buɗe ciwon. Kuma ba a taɓa tambayar matan nan sau ɗaya ba, 'yan jarida sun zo, ƙungiyoyi sun zo, ɗalibai sun zo, kowa sai ta sake ba shi labarin daren da aka ɗauke ta.

Ban ce kwamitocinmu waliyyai ba ne fa. Akwai wanda zai riƙe fayil wata huɗu, ya karɓi kuɗin dubawa, ya dawo maka da gyaran waƙafi da aya bai ko kalli inda za a ajiye sunayen mutane ba, wannan ma abin kunya ne kuma shi ke ba masu tsallake layi hujja. Amma jinkirin ofis matsalar mai bincike ce, bai kamata matar da ke tanti ta biya kuɗinsa ba.

Don haka ki koma wurinsa cikin ladabi ki nemi ganin takardar amincewa ta kwamitin cikin gida mai lamba da kwanan wata, da takardar yarda da Kanuri da Larabcin Shuwa wadda ta faɗa ƙarara cewa ƙin amsawa ba zai taɓa abincin kowa ba. Ki tambayi ɗakin da za a yi hirar, da inda za a tura wadda ta buƙaci likita, da dalilin rubuta suna in har za a rubuta. In ya kawo, bismillah, ki je, ki kuma nemi a ba ku horo kafin ranar. In ya fara cewa lokaci ya ƙure ko kina da tsaurin ido, ki ajiye masa tabulet ɗinsa. Na san kuɗin sati ukun nan ba ƙaramin abu ba ne gare ki, Allah ya musanya miki da wanda ya fi shi.