In Jira Ya Gyara, Ko In Haƙura Da Shi?

Tambaya: Malam, shekara biyu ke nan muna soyayya da wani saurayi. Yana da fara'a da kyauta, amma ba ya cika alkawari, kuma in na yi ƙorafi sai ya mai da ni abin dariya, wani lokaci a gaban abokansa. Daga baya ya ba ni haƙuri, ya ce zai gyara. Zuciyata na cewa in jira, ƙawayena na cewa yaudarar kaina nake yi. Ina mafita?

Amsa: 'Yar'uwa, kyautata zato ga masoyi ba wauta ba ce. A 1996 Sandra Murray, masaniyar halayyar ɗan Adam, da abokan aikinta sun wallafa binciken da ya nuna cewa masu ganin abokin soyayyarsu da ƙima fiye da yadda shi yake ganin kansa sun fi jin daɗin zamansu. Ashe "so hana ganin laifi" yana da ranarsa. Sai dai a gane wane laifi ne ake kau da kai a kansa.

Abu biyu kika kawo, kuma nauyinsu ba ɗaya ba ne. Saɓa alkawari na iya zama sakaci ko rashin tsari. Da yawa suna zaune da masu irin wannan hali, suna ta mita har tsufa. Dariyar nan ce ta tsaya mini a rai. John Gottman, masanin halayyar ɗan Adam a Amurka wanda ya shafe shekaru da dama yana nazarin yadda ma'aurata ke gardama, ya gano cewa raini ya fi komai nuna alamar rabuwa na tafe. Ba sai an yi zagi ba: taɓe baki, kwaikwayon muryarki, kallon abokai a ƙyalƙyale da dariya kina tsakiyar magana. Wanda ya yi haka ya ji kokenki sarai, ya dai ga bai kai a amsa ba.

Kada kuma shekara biyun su ɗaure ki. Sun riga sun wuce, ko kin zauna ko kin tafi, kuma na ga waɗanda suka ƙara biyar don jin zafin asarar biyu.

Ki tambayi kanki: in haka zai ci gaba da zama, ba ragi ba ƙari, zan iya rayuwa da shi? Sannan ki tuna ban haƙurinsa na ƙarshe. Me ya canza bayansa, a aikace? In akwai ko da abu ɗaya, jiranki yana da madogara. In babu, bakinsa kawai kike bi.

Ki same shi ku biyu, a lokacin da ba faɗa kuke ba. Ki faɗa masa abu ɗaya tak: "Kada ka sake mai da ni abin dariya a gaban mutane." Ki lura da fuskarsa a lokacin, ko ya natsu ya saurara, ko ya sake yin murmushin nan. Daga nan ki ɗibar wa kanki wata uku a ranki, ba tare da kin sanar da shi ba, kuma kada ki riƙa tuna masa.