Ɗana ya ce shi gola zai tsaya a hokin ƙanƙara, wane kaya zan saya?

Tambaya: Salam malam. Muna zaune a Winifeg ta Kanada shekara huɗu kenan. Ɗana mai shekara 10 yana buga hokin ƙanƙara, bana ya kafe shi gola zai tsaya. Na shiga shago na ga kuɗin kayan na fito da sauri. Yanzu na samu gwanjo a Facebook, cikakken saiti har da hular, sun ɗan yi masa yawa amma na ce ai zai girma a ciki. In saya? Kuma yana so a yi masa fenti a hular, sannan warin jakar kayan nan ya ishe ni wallahi.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Toh Allah ya ba da sa'a, kin shiga sahun iyayen gola, su ne za ki gani a filin wasa sun koma can gefe su kaɗai suna ta addu'a. Na daɗe ina gyaran kayan nan a shago kuma ina koyar da yara masu tsaron raga, so abinda zan gaya miki na gani ne da idona.

Gajeriyar amsa, kar ki sayi saitin nan yadda yake. Gwanjo ba laifi bane, rabin yaran da nake koyarwa gwanjo suke sawa, matsalar guda biyu ce, hular da kuma maganar "zai girma a ciki". Wannan dabarar ɗinkin sallah ce da iyayenmu suka yi mana, a ɗinka maka riga har ƙasa ka yi shekara uku kana ja, a shadda babu komai amma a kayan gola rauni take jawowa.

Kafin ma ki kashe ko sisi, ki tambayi ƙungiyar unguwarku ko suna ba da aron kaya. Da yawa daga ƙungiyoyin yara a Kanada suna ajiye kayan gola na aro wa 'yan U9 da U11, wato rukunin 'yan ƙasa da shekara 9 da na 'yan ƙasa da shekara 11, saboda sun san iyaye tsoron kuɗin suke, kuma yaro ɗan shekara 10 zai iya cewa gola a watan Oktoba ya ce ya fasa a Janairu bayan an zura masa takwas a wasa ɗaya. Akwai kuma KidSport da Jumpstart na Canadian Tire da suke tallafa wa iyalai da kuɗin wasannin yara, cike fom ne kawai, ba abin kunya bane.

Hular kwanon ita ce inda zan ce ki rufe ido ki sayi sabuwa. Abin da ake bugawa, wato fok, faifan roba ne mai tauri, nauyinsa wajen giram 170, faɗinsa inci 3, kuma a manyan wasanni sai an daskarar da shi a firiza kafin a fara. Har zuwa 1959 gololin NHL, babbar gasar hokin ƙanƙara ta Kanada da Amurka, fuska a buɗe suke tsayawa, sai ranar 1 ga Nuwamba na shekarar da Andy Bathgate ya fasa wa Jacques Plante na Montreal Canadiens fuska, aka ɗinke shi ya ce shi fa ba zai koma ba sai da abin rufe fuska, daga nan abin ya fara bin sauran. Hular gwanjo ba ki san me ta sha ba. Tsagewa tana iya ɓuya ƙarƙashin fenti, soson ciki kuma yana bushewa ya yi tauri da shekaru, ki danna da yatsa ki ji kamar busasshen burodi, wannan ba abinda zai tare. Ki duba sitikar CSA a jiki, wato shaidar tantance ingancin kaya ta Kanada, idan babu alƙalin wasa zai iya hana shi shiga. Masu zuwa daga Amurka suna da ta HECC wadda ke da ranar ƙarewa a rubuce. Sannan ki kula da wayar gaban fuska, akwai wadda ake cewa idon mage mai manyan ƙofofi irin ta ƙwararru, yara suna mutuwar sonta, amma yawancinsu ba a yarda da su a wasan yara ba don kan sanda zai iya shigewa ya samu ido.

Wajen gwaji, ya sa ta a shago ya girgiza kai hagu da dama, sama da ƙasa. Goshi ya zauna daram a kan soso, haɓa ta shiga kofinta, farantin baya ya rufe ƙeya ba rata. In hular tana juyawa daban kai daban to ta yi yawa, a ajiye ko da ita ce mai kyan kala.

Maganar fenti, na gane shi, duk wani gola yana son zanensa. Amma fentin gwangwani na feshi yana iya cinye robar hulunan yara masu araha ya sa ta yi rauni, kuma kamfani zai iya cewa ba ruwansa tunda an taɓa kayansa. Akwai masu yin zane da sitika ta musamman ta hular gola, akwai kuma masu fenti da kamfanonin suka amince da su. Ki tambayi shagon da kika saya. Kar a huda ta, kar a lanƙwasa waya, kar a rufe sitikar CSA.

Wuya kuma ba a wasa da shi. A 1989 ƙarfen ƙasan takalmin wani ɗan wasa ya yanke Clint Malarchuk golan Buffalo Sabres a wuya ana tsakiyar wasa, da ƙyar aka ceto ransa, a 2023 kuma Adam Johnson ya rasu a Ingila ta irin wannan hanyar duk da shi ba gola bane. A Kanada dole yaro ya sa abin kare wuya mai tambarin BNQ, hukumar tantance inganci ta lardin Quebec. Ni ina ƙara wa yarana da farar robar nan mai reto da ake ɗaurawa a ƙasan hula, suna ƙorafin tana ƙara kwas-kwas, ina ce musu a haƙura.

Yanzu fad ɗin ƙafa, manyan katifun nan guda biyu, nan ne kuɗi yake kuma nan ne gwanjo yake da riba. Na manya sabbi masu kyau suna haura dala dubu biyu, na yara kuma yaro yana fin ƙarfinsu kafin su tsufa shi yasa kasuwar gwanjo ta cika da masu kyau. Za ki ga lamba kamar 26+1 ko 28+1, ta farko tsawon fad ɗin ne a inci, ta biyu ƙarin da aka yi a saman cinya. Ki auna daga ƙashin idon sawu zuwa tsakiyar gwiwa ki duba jadawalin kamfanin, don 28 na Bauer ba lallai ya zo daidai da 28 na Vaughn ko CCM ko Brian's ba. Amma awo na gaskiya shi ne ya sa takalmin ƙanƙararsa, a ɗaura fad, ya durƙusa ya baza ƙafafu gefe. A cikin fad akwai wani tudun soso da gwiwa take sauka a kai. Gwiwar ta sauka a tsakiyarsa, in ta ɗan yi ƙasa da kamar inci ɗaya babu damuwa wannan shi ne wajen girman da na yarda da shi, fiye da haka a'a.

Akwai wani yaro da babansa ya saya masa 30 alhali 26 ne nasa, wai na shekara uku. Duk durƙuson da zai yi gwiwar ba ta hawa tudun, ƙasa take zamewa ta bugi ƙanƙara, saman fad ɗin kuma suna karo da juna yana tafiya kamar an ɗaure akuya. Wata biyu yaron yana ta shan ƙwallaye ta tsakanin ƙafa, gwiwa duk ta yi baƙi, har ya fara cewa shi bai iya ba. Muka ara masa tsofaffin 26 da suka sha jiki, a sati biyu ya zama wani mutum daban. Uban ya sayar da manyan da asara.

Wannan durƙuson shi ake kira salon malam-buɗe-littafi, wanda Patrick Roy da kocinsa François Allaire suka yaɗa tun shekarun 1980, yanzu kusan kowa shi yake yi. Yana cin ƙugu da gwiwa sosai, gololi da yawa suna ƙarewa da aikin tiyata a ƙugu, shi yasa gyaran da na fi damuwa da shi a fad shi ne igiyar da ke haɗa bakin fad da takalmi. In igiyar takalmi ce aka ɗaure tamau, duk sanda ya durƙusa sai ta murɗe idon sawu, murɗar ta hau gwiwa ta hau ƙugu. A yi ƙulli uku ko huɗu tsakanin fad da takalmi don a samu sassauci, ko a cire a sa ta roba mai talewa, kuɗinta kaɗan ne kuma minti goma ake sawa. Maɗaurin baya ma kar a ja su kamar ana ɗaure buhu, fad ɗin zamani an yi shi ne ya juya a ƙafa. Kuma ki saya masa abin kare gwiwa na daban da ake sawa a ciki, fok yana da wayon samun ɗan wajen nan da ke buɗe a saman gwiwa, wanda ya taɓa sha ba ya mantawa.

Hannu: ɗaya safar cafka ɗaya buloka, wato allon da ke bayan hannun da ke riƙe sanda. Yawanci da hagu ake cafka a riƙe sanda da dama, amma akwai masu akasin haka, Grant Fuhr na Edmonton Oilers da dama yake cafka. Ki jefa masa ƙwallo ki ga hannun da yake miƙawa kafin ki saya, don na bahagon tsari sun fi wuyar samu a gwanjo. A safar cafka abu ɗaya nake dubawa, yaron zai iya buɗewa ya rufe da hannunsa shi kaɗai? In ba zai iya ba ado ce kawai. A nan gwanjo ma ya fi sabuwa don an riga an lausasa ta, sai dai ki matsa tafin ki tabbatar bai mutu ba. In sabuwa ce ya dinga buɗewa yana rufewa yana kallon talabijin, da dare a sa ƙwallo a ciki a ɗaure. Kar ki sa a oven ɗin kicin, ni na taɓa yi da tawa ina saurayi, robar ciki ta lanƙwashe gidan ya yi kwana biyu yana warin ƙonanniyar taya.

Rigar ƙirji ki duba kafaɗa da ƙashin wuya, hannun rigar ya tsaya kamar inci ɗaya kafin wuyan hannu don kada ya ture safa. Wando da abin kare gaba a sayi na gola, na sauran 'yan wasa bai kai kauri ba, na gaban kuma sabo don Allah. Sanda ta yi daidai da tsayinsa, in ya tsaya tsayuwar gola bakinta ya kwanta a ƙanƙara gaba ɗaya, a naɗa farin tef a ƙarshenta ya yi dunƙule. Takalmi in da hali na gola, ƙarfensa ya fi miƙewa, wajen wasa ƙarfen ya yi kaifi kuma ki ce a fara da awon rabin inci, daga baya shi da kansa zai ce yana so ya fi kamawa ko ya fi santsi.

Sai wari. Hajiya warin nan ƙwayoyin cuta ne ke cin gumi, kuma suna iya shiga ƙaramin ƙurji su zama babban ciwon fata, so ba maganar hanci kaɗai bace. Maganin kuma ba turare bane, na ga wata ta turara jakar da turaren wuta, abin ya haɗu ya ba da wani sabon wari da ba shi da suna. Duk ranar da ya dawo a zazzage jakar gaba ɗaya, a rataye komai, a kunna fanka. Kar a bari a but ɗin mota ko gareji, sanyin Winifeg daskarar da gumin zai yi kawai, ya narke a jikinsa washegari. Kar kuma a jingina da hita, zafi yana busar da fatar fad ya fasa ta. Kayan ciki da safa da abin wuya da tsumman goshin hula a wanke bayan kowane wasa. Rigar ƙirji da wando a jiƙa a bahon wanka da ruwa mai ɗumi da ɗan omo sau biyu ko uku a kakar wasa, za ki ga ruwan ya koma kamar shayi, a ɗauraye a shanya, banda bilic banda injin busarwa. Fad a goge da tsumma mai laima kawai. Tafin buloka shi ne sarkin wari kuma shi ke fara hujewa, ana canza shi a shagon gyara ba sai an sayi sabuwa ba.

Sau ɗaya a wata ki ɗauki sukudireba ki bi kusoshin hular, suna kwancewa kuma suna tsatsa saboda gumi. In waya ta lotsa ko ta fara tsatsa a wajen walda a canza ta, ba a miƙar da ita da guduma. Ƙarfen takalmi a goge shi ya bushe kafin a sa a riga mai laushi, robar da ake sa wa ƙarfen don takawa ta tafiya ce kawai, in aka ajiye shi a ciki tsatsa zai yi. A aljihun jaka a ajiye igiyar takalmi ɗaya, kusoshi biyu uku, tef da ƙaramin sukudireba, igiyar fad ba ta tsinkewa sai saura minti biyar a shiga.

Game da saitin Facebook ɗin, ki ce wa mai shi za ki zo da yaron da takalminsa a gwada a gabansa. In gwiwa ta zauna kuma yana iya rufe safar, ki yi tayin fad da safa da buloka da rigar ƙirji, ki ce ya riƙe hularsa ya rage miki kuɗinta. In bai zauna ba ki bari, daga watan Maris zuwa Afrilu da kaka ke ƙarewa iyaye suna zubar da kaya da araha, sai dai ki sake auna ƙafarsa a watan Agusta kafin a fara.