Mako goma sunana bai fito a ƙuri'ar aji ba, shin yanzu lokacina ya yi?

Tambaya: Malam, mu 40 ne a ajinmu, maza 24, mata 16. Duk Juma'a ana rubuta sunayenmu a takardu, a zuba a kwali, a zaro biyu su wakilci aji a kacici-kacici, sannan a mayar da su. Mako goma ke nan sunana bai fito ba. Wata ƙawata ta ce wannan makon dole na fito, wata kuma ta ce hannu aka sa mini. Sannan a jarrabawa an tambaye mu yiwuwar a zaro mata biyu, na rubuta 4/25, aka soke. Hankalina ya tashi ga WAEC na matsowa. (Ɗaliba, Zariya)

Amsa: 'Yata, kwantar da hankalinki. Bari mu fara da jarrabawar, don ita ce mai sauƙi. Kin ninka 16/40 da 16/40, kamar an mayar da takardar farko kafin a zaro ta biyu. Ba a mayar ba. Da mace ta fita, saura mata 15 cikin takardu 39. Don haka 16/40 sau 15/39, wato 240/1560, wato 2/13. Maza biyu 552/1560 ne. Namiji da mace kuwa hanya biyu ce, ko namiji ya riga fita ko mace, shi ya sa ake ninka 24/40 sau 16/39 da biyu, a samu 768/1560. Ki tara 240 da 552 da 768, za ki ga 1560 cif. Idan bai cika ba, kin yi kuskure a wani wuri.

Yanzu ga maganar ƙawarki ta farko, wadda ita ce ke ci mini tuwo a ƙwarya, don kullum sai na ji ta, har daga bakin manya masu digiri. Kwali ba ya tuna jiya. Tunda ana mayar da sunaye, yiwuwar ki fito kowace Juma'a 2 bisa 40 ce, ɗaya cikin ashirin. Haka take a makon farko, haka take a mako na goma sha ɗaya, haka za ta kasance ko kin shekara ba ki fito ba. Takardar da ke ɗauke da sunanki ba ta san kin gaji da jira ba.

Ki lissafa da kanki. Yiwuwar a tsallake ki a mako guda 19/20 ce. Ki ninka ta sau goma, za ki samu kusan kashi 60 cikin ɗari. Ma'ana a aji mai mutum 40, ana sa ran kusan 24 ba su taɓa fitowa ba bayan mako goma. Ki tambayi 'yan ajinku ki gani. Wannan kuma ya amsa wa ƙawarki ta biyu: abin da ke samun fiye da rabin aji ba ya buƙatar hannun kowa.

A aji wannan tunanin ba ya cin kuɗin kowa. A shagon caca yake yanka. Yaro ya faɗi sau tara, sai ya ce na goma nasa ne, ya zuba kuɗin makaranta. Ga kuma 'yan damfara a WhatsApp suna sayar da lambobin da wai "sun daɗe ba su fito ba". Wanda ya san lambar da za ta fito, me zai sa ya sayar da ita naira ɗari biyar? A gidan cacar Monte Carlo da ke ƙasar Monaco a 1913, a wata caca da ake zuba kuɗi a kan launin ja ko baƙi, launin baƙi ya fito sau 26 a jere, mutane suka yi ta zuba dukiya a kan ja suna cewa ai yanzu kam dole, suka tashi hannu rabbana.

Ɗan'uwan wannan kuskuren shi ne rububin riga zara, kamar yadda ake yi wajen ƙuri'ar adashe. Idan takarda ɗaya ce mai nasara cikin 40, na farko yana da 1/40. Na biyu yana da 39/40 sau 1/39, wanda shi ma 1/40 ne. Na ƙarshe ma haka.

Inda ƙuri'a ke lalacewa da gaske shi ne wajen shiri: wata takarda ta fi wata girma, an naɗe wata sau biyu wata sau huɗu, ba a girgiza kwalin ba, ko mai zarowa yana leƙawa. A yanka su daidai, a naɗe iri ɗaya, a ƙirga su 40 a gaban kowa.

Idan kuna son kowa ya samu zuwa, ku roƙi malaminku a daina mayar da sunan wanda ya riga ya fita. A nan ne kaɗai jira ke ƙara miki dama: bayan mako goma saura takardu 20, damarki ta zama 2/20, kuma a mako na ashirin kwalin ya ƙare.