An ce Windows 10 ta mutu, sai na sayi sababbin kwamfutoci masu AI: gaskiya ne ko talla?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da shagon buga takardu da kwafi a nan Garwa, kusa da babbar kasuwa. Kwamfuta biyar gare ni, duk na hannu ne, kuma Windows 10 ce a kansu. Yanzu saƙo yana ta fitowa wai an daina kula da ita. Wani yaro mai sayar da kayan kwamfuta ya ce min in ban canza ba ɓarayin intanet za su kwashe komai, wai in sayi sababbi masu AI, wato ƙirƙirarriyar basira, don nan da shekara biyu duk shagon da ba shi da su sai ya rufe. Ni dai na gaji da labaran manyan kamfanonin nan. Ina gaskiyar take?

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya sa albarka a sana'a. Yaron ya haɗa maka gaskiya da talla a kwano ɗaya, bari mu raba su.

Gaskiyar ita ce, ranar 14 ga Oktoba 2025 Microsoft, kamfanin da ya yi Windows, ya daina aiko wa Windows 10 gyaran tsaro na kyauta da yake aikowa duk wata. A ranar ce kuma ya janye hannu daga Office 2016 da Office 2019. Kwamfutarka ba za ta mutu ba, za ta kunnu, Word zai buɗe, firinta za ta buga. Abin da ya canza shi ne duk wata ɓaraka da aka gano a cikinta daga baya, ba mai toshe ta. Wannan ba wasa ba ne. A watan Mayun 2017 wata ƙwayar cutar kwamfuta mai suna WannaCry ta kulle na'urori a ƙasashe kusan 150, har asibitocin Ingila sai da suka riƙa mayar da marasa lafiya gida. Microsoft ya riga ya fitar da maganin tun watan Maris na shekarar, waɗanda ba su saka ba su ne suka sha wuya. To ka ga ranar da babu maganin gaba ɗaya.

Amma wa ya ja layin? Kamfanin ne da kansa. Windows 11 da ta fito a watan Oktoban 2021 ba ta yarda ta hau kwamfutar da ba ta da wani ɗan guntun tsaro mai suna TPM 2.0, kuma a kwamfutoci masu ƙwaƙwalwar kamfanin Intel tana neman ƙirar ƙarni na takwas zuwa sama, wato waɗanda suka fara fitowa a ƙarshen 2017. Akwai hujjar tsaro a ciki, ban musa ba. Sai dai sakamakon shi ne na'urori lafiyayyu, masu iya aikin shekaru nan gaba, an mayar da su tsofaffi da alƙalami. Kamfanin nazarin kasuwa na Canalys ya ƙiyasta cewa kwamfutoci kusan miliyan 240 na iya zama shara saboda wannan. Kuma ka san inda tsofaffin kayan Turai suke sauka, ta tashar Duwala suke shigo mana. Abin dariyar, a 2015 wani ma'aikacin Microsoft ɗin ya tsaya a taron kamfanin ya ce Windows 10 ce ta ƙarshe, ba za a sake wata ba.

Abin da ya fi nuna maka cewa ciniki ne: gyaran yana nan, ana ci gaba da yin sa, sayar da shi ake yi. A 2025 an ba mai kwamfutar gida damar samun ƙarin shekara ɗaya, zuwa 13 ga Oktoba 2026, da dala 30, ko kyauta in ya yarda ya haɗa kwamfutarsa da asusun Microsoft ya ajiye saitunansa a rumbunsu. Kamfanoni kuwa dala 61 kan kowace na'ura a shekarar farko, kuɗin na ninkawa duk shekara. A Turai da ƙungiyoyin kare masu saye suka matsa, sai aka sassauta musu sharuɗɗan kyautar. Mu nan ba wanda ya tambaye mu.

Maganar AI kuma, nan ne tallar ta fi yawa. Kwamfutocin da ake kira Copilot+ sun fito a 2024, kuma abin da aka fi yayatawa a kansu, wato Recall, wanda ke ɗaukar hoton allonka kowane ɗan lokaci yana adanawa, sai da aka ɗage fitar da shi saboda masana tsaro sun yi ca. Ka duba shagonka, inda mutane ke buɗe imel ɗinsu, suna buga takardar haihuwa da katin ɗan ƙasa da takardun filaye. Wa zai so na'urar da ke tuna duk wannan? Mai taimakon rubutu da aka saka a cikin Word kuwa kuɗin wata yake ci, kuma sai da intanet. A farkon 2025 Microsoft ya cusa shi cikin Microsoft 365, wato Office ɗin da ake biya wa kuɗin wata ko na shekara, ya ɗaga kuɗin shekara na mutum ɗaya a Amurka daga kusan dala 70 zuwa kusan 100. A watan Oktoban shekarar hukumar kare masu saye ta Ostireliya ta maka shi a kotu, tana zarginsa da ɓoye wa mutane cewa akwai tsohon tsarin mai araha. Ban ce AI ba ta da amfani ba. Yaranka za su iya gyara wasiƙar Faransanci ko tsara takardar neman aiki da ita, amma daga burauzar tsohuwar kwamfuta ko daga waya ma ana yi, domin aikin a can rumbunan kamfanin ake yin sa, ba a cikin akwatin da ke gabanka ba.

Game da "nan da shekara biyu", mun sha jin irinta. Google ya ce balan-balan ɗin Loon za su kai intanet ƙauyuka, sun fara aiki a Kenya a 2020, farkon 2021 aka rufe shirin. Facebook ya sanar da kuɗinsa na Libra a 2019 da sunan taimakon waɗanda ba su da asusun banki, ya sauya masa suna zuwa Diem, a 2022 aka sayar da ragowar. A 2021 ya koma Meta, wai duk za mu koma zama a duniyar intanet da ake shiga da tabarau, sashen da ke wannan aikin ya yi asarar sama da dala biliyan 13 a 2022 kaɗai. Skype da Microsoft ya saya dala biliyan 8.5 a 2011, a watan Mayun 2025 aka kashe shi. Abin da ya canza ciniki a Garwa da Marwa da Kusiri da gaske shi ne Orange Money da MoMo na MTN, masu aiki a kan ƙaramar waya ba tare da data ba. Yawancin sanarwar manyan kamfanoni ba da kai ake ba, da masu hannun jari ake. Shi ya sa idan na karanta irin labarin nake neman abu uku: yaushe zai iso hannun mutane, nawa ne a wata, kuma yana aiki ranar da ruwan madatsar Lagdo ya ja baya aka fara rabon wuta? Sanarwar da ba ta amsa ko ɗaya ba, cinikin biri a sama ne.

To me za ka yi? Ka fara da duba abin da kake da shi. A bayanan kwamfuta mai ƙwaƙwalwar Intel za ka ga lamba kamar i5-6500 ko i5-8500. Lambar farko bayan layin ita ce ƙarnin, amma daga ƙarni na goma zuwa sama lambobi biyu na farko ne. In takwas ce ko sama, galibi za ta karɓi Windows 11 kyauta muddin Windows ɗin da ke kanta ta asali ce, wani lokaci sai an kunna TPM a BIOS, saitin da ake shiga kafin Windows ta tashi. Masu gyara suna iya tilasta wa tsofaffin hawa Windows 11 da wata manhaja mai suna Rufus, kuma tana tafiya, amma Microsoft bai yi alkawarin ci gaba da aiko musu gyara ba.

Sannan ka raba aiki. Kwamfutar da ba ta yin komai sai bugawa da kwafi, cire ta daga intanet kawai, za ta yi maka shekaru. Barazanarta ba daga Rasha take ba, daga filashin kwastoma take, irin cutar nan mai ɓoye fayil ta bar maka gajerun hanyoyi. Ka ware na'ura ɗaya da za a riƙa soka filashin baƙi a ciki. Waɗanda ake rajistar jarrabawar shiga aiki ko ta jami'a da su, ake buɗe imel, ake biyan kuɗi, su ne ba za a yi sakaci da su ba. Ɗaya ko biyu na hannu masu ƙarni na takwas sun ishe ka, ba sai sababbi dal ba.

Ragowar kuɗin, in ni ne, ba a AI zan zuba ba. SSD, ma'ajin bayanai mai sauri, a madadin tsohon faifai mai juyawa zai sa kwamfutar shekara goma ta tashi cikin daƙiƙu. Na'urar riƙe wuta ko ƙaramin sola, da busa ƙurar hunturu daga fanka kafin zafin Maris da Afrilu, za su tsare maka kaya fiye da duk abin da yaron ke talla, don a Garwa wuta da zafi sun fi ɓarayin intanet kashe kwamfuta.

Akwai kuma Linux Mint, manhajar da ake sa wa kwamfuta a madadin Windows, kyauta ce, tana samun gyaran tsaro, kuma tana tafiya lafiya a kan waɗanda Windows 11 ta ƙi. Tana zuwa da LibreOffice mai buɗe takardun Word da Excel. Amma kada masu son ta su ma su yi maka tasu tallar. Takarda mai tebura da yawa ko tambarin ma'aikata takan ɗan goce idan an buɗe ta a ciki, CorelDraw da Photoshop ba sa hawa kai tsaye, kuma yaran shago za su yi gunaguni na mako biyu. Ka sa a kunna ta daga filashi a kan kwamfuta ɗaya ba tare da an goge komai ba, ka gwada firintarka da sikana, ka buga irin takardun da aka fi kawo maka. Firintocin HP da Brother galibi ba su ba da matsala, wasu na Canon sai an nemo musu direba.